Katin Kulu

Litinin, 4 ga Satumba, bayan la'asar

Dije matar Yaya Badamasi ta bugo daga Tarai. Wai 'yarsu Kulu kwana biyu ba ta cin abinci, jiki zafi rau, ko yawu ta haɗiya sai kuka. Na ce ta kawo ta Kibiya gobe a duba ta. Ta ce sai Yaya ya dawo daga gona ta ji ta bakinsa.

Na ajiye waya na koma kan shinkafar da nake tsincewa. Sai da na gama na tuna na riga na tsince ta.

Talata, 5 ga Satumba, da hantsi

Sun zo. Ba da Yaya ba, shi tun da aka yi zaɓe bai ƙara taka ƙofar asibitin nan ba, wai na su kansila ne, sai ka ce kansila ne ya ɗebo yashi ya gina. Dije ce ta goyo ta a babur ɗin haya, yarinya 'yar shekara biyar, ƙafafu na reto.

Ni na shiga da su, tunda 'yar gida ce ni a wurin. Shekara biyu kenan duk zagayen rigakafi ni ke riƙe da biro da alli. In an yi wa yaro allura in cike masa kati, in an gama da gida in yi rubutu a bangon zaure.

Likita ya haska maƙogwaron da tocila. Ya ce an yi mata allurar mashaƙo? Dije ta kwance bakin zani ta miƙa masa katin. Layi uku, kwanan wata uku, sa hannu uku. Ya ce, "A'a, ai wannan ta kammala. Rubutunki ne ma, Ramlatu."

Na ce eh.

Ya ce to alhamdu lillahi, ciwon wuya ne irin na yara. Ya rubuta maganin ruwa, ya ce in bai sauka ba nan da kwana uku a dawo. Ya ce ba don katin nan ba da yanzu sun kama hanyar Kano, jiya ma yara biyu ya tura.

Dije tana kallon ƙasa, ni ina kallon kalandar bango.

Talata, bayan magariba

Kwana uku ba yawa.

Laraba, 6 ga Satumba, da safe

Maigidana Jabiru ya ce, "Ya jikin 'yar wajen yayanki?" Haka yake cewa yanzu, yayanki. Mutanen da suka yi shekara goma suna cin tuwo a kwano ɗaya. Shi yana bayan kansila, Yaya yana ɗaya ɓangaren, ni kuma ina tsakiya da tulin kati a jaka.

Ranar da muka shiga Tarai rigakafi, ana saura kwana kaɗan azumi, na tarar da Yaya a zaure yana gyaran galma. Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Lokacin korona kun ce za mu ƙare, ga mu. Taki ya zo an ce sai ɗan jam'iyya, burtsatsenmu ta lalace wata takwas ba wanda ya leƙo. Allura ce kawai kyauta har gida? Je ki ce wa mijinki da mai gidansa ban karɓa ba."

Gidan da ya ƙi, sunansa ake rubutawa a kai wa mai unguwa, daga nan dagaci. Takardar kuwa sai ta bi ta hannun su maigidan. Na hango Yaya durƙushe a ƙofar dagaci, mutanen kansila na tsaye suna kallo, kuma rubutun ƙanwarsa ne ya kai shi.

Na zagaya ta baya na ce Dije ta miƙo min katunan yaran ta katanga, na Kulu da na ƙaninta Salahuddeen. Da zan wuce na yi rubutun a bangon zaure. Yaya yana gani, bai hana ba.

Zagaye na biyu ya fi sauƙi. Na uku ma ban je ba, aiko min da su aka yi a leda.

Alhamis, 7 ga Satumba, da azahar

Yaya ya kira wanzami, wai belu ne ya sauko mata. Wanzami fa! Dije ta ce da mutumin ya danne harshen ya leƙa, sai ya mayar da askarsa cikin zabira. Ya ce, "Malam Badamasi, wannan ba aikina ba ne. Akwai wani farin abu ya shimfiɗe a ciki. Ka kai ta asibiti yau, kada ka kwana."

Yaya ya ce likita ya ce kwana uku, gobe ne ukun.

Wanzami ya faɗi gaskiya tun daga kallo ɗaya. Ni na wanke kwanuka.

Juma'a, 8 ga Satumba, bayan la'asar

Wuyan ya kumbura har ya haɗe da haɓa. In ta ja numfashi ana ji daga zaure. Muka wuce Rano kai tsaye, Yaya a gaba kusa da direba, bai juyo ba ko sau ɗaya. Kulu a cinyata. Ta ce, "Gwaggo," sauran maganar ba ta fito ba.

Nas ɗin Rano ta tambayi kati. Dije ta ce ta manta shi a gida. Ina ganin tudunsa a bakin zaninta.

Ba su ɓata lokaci ba, suka sa mu a motar asibiti sai Kano. A can uwa kaɗai ake bari ta shiga. Wata likita mai takunkumi ta fito ta same mu a baranda, ta ce yaushe ciwon ya fara? Yaya ya ce Asabar. Ta ƙirga da yatsu. Ta ce maganin da ke karya dafin ciwon nan a kwanakin farko ya fi aiki. "Me ya zaunar da ku, Malam?"

Yaya ya ce, "Ƙaddara."

Ta dube ni. Na gyara hijabi.

Asabar, 9 ga Satumba, da safe

An ba mu ƙwayoyi mu sha duk wanda ya taɓa ta. Na sha.

Litinin, 11 ga Satumba, da yamma

Ruwa tun azahar. Dije ta ce an ƙara wa Kulu ruwa, an sa mata abin numfashi. Yaya yana kwana a masallacin bakin asibiti. Geronsa ya isa yanka, tsuntsu na ta ci.

Maigidan ya ce in tambaye shi ko a tura masa yara su yanke. Na tambaya. Ya ce a bar wa tsuntsun.

Laraba, 13 ga Satumba, da hantsi

Ta sha kunu cokali huɗu.

Alhamis, 14 ga Satumba, bayan azahar

Hajiya Salma, shugabarmu a wurin aiki, ta tara mu. Za a sake fita zagaye ƙarshen wata saboda ciwon ya ƙi lafawa. Da aka tashi ta riƙe hannuna ta ce ta ji labarin 'yar yayana. Ta ce kada in damu, wanda aka yi wa allura ko ya kamu ba ya cika tsanani. "Katin nan zai cece ta, ki gani."

Na ce Allah ya sa, Hajiya.

Bari in rubuta shi sau ɗaya a nan, tunda ba mai karantawa. Allura ba ta taɓa shiga jikin Kulu ba. Ko ɗaya.

Na duba abin da na rubuta, ban ji komai ba. Na tashi na ɗora girki.

Talata, 19 ga Satumba, bayan la'asar

An sallame su! Na je Tarai. Ta rame, idanu sun yi zuru-zuru, amma tana zaune da kanta a tabarma. Muryarta ta hanci take fita, yara na kwaikwayonta, ita ma tana dariya. Yaya ya yanka zakara. Sunan Innarmu ta ci, shi ya sa ba ya iya kiran sunanta, Ummi yake ce mata. "Ummi, ga hanta. Ummi, ƙara ko kaɗan."

Likitar ta ce kada ta yi guje-guje, a dawo da ita bayan mako a duba zuciyarta. Yaya ya ce to, irin to ɗin nan nasa.

Da zan tafi na dubi bangon zaure. Ruwan sama ya wanke allin tas, ko alama babu. Na ji wani sanyi a raina, Allah ya yafe min. Na ce shi kenan, ya wuce.

Kulu ta ce in sayo mata atamfa mai ruwan ganye ta Maulidi.

Alhamis, 21 ga Satumba, da yamma

Na sayo a kasuwar Rano. Na kai wa tela.

Asabar, 23 ga Satumba

Da hantsi. Tana zaune tana kallon Dije na sussuka. Ta ce cikinta, ta yi amai, ta kwanta a gefen turmi.

An kai ta makwancinta kafin azahar.

Lahadi, 24 ga Satumba, da safe

Mata cike da tsakar gida. Ana shigowa ana cewa ya haƙuri, ina cewa da godiya. Na ce da godiya ya fi sau ɗari. Idona a bushe, har wata tsohuwa ta ce kai, Ramlatu akwai tawakkali.

Litinin, 25 ga Satumba, bayan magariba

Tela ya aiko da ɗinkin.

Talata, 26 ga Satumba, da azahar

Katin ya fita.

Dije ta ce ranar rasuwar ya faɗo daga zaninta, wani ya tsinta ya kai zaure wurin maza. Wani ɗan ɓangaren su Yaya ya ɗauke shi hoto. Yau ya shigo wayata ta guruf uku, da saƙon murya a ƙasa: "Jama'a ga shi nan, allura uku cif aka yi wa yarinyar nan, ranar Asabar muka binne ta. Wanda ya ba da ɗansa, ruwansa."

Sa hannuna ya fito sarai a hoton.

Na ce wa Dije, Yaya yana wurin aka ɗauka? Ta ce yana wurin. Me ya ce? Ta ce carbi kawai yake ja.

Laraba, 27 ga Satumba, Maulidi, da yamma

Maigidan ya shigo yana huci. Sun yi cacar baki a majalisa. Wasu a ɓangarensu sun ce katin bogi ne, 'yan adawa suka haɗa don su ɓata kansila. Shi kuma ya tashi ya ce a'a, kati na gaske ne, rubutun matarsa ne, matarsa kuwa ba ta ha'inci, ya dafa Alƙur'ani a kan haka in ana so. Ajali ne kawai.

Ya ce, "Ko ba haka ba?"

Na ce ga ruwan wanka can na kai.

Yara na wucewa ta ƙofar gida da sababbin kaya. Ledar tela tana kan sif, ban buɗe ba.

Alhamis, 28 ga Satumba, bayan la'asar

Ranar farko ta zagaye, kuma Tarai aka ba mu. Muka shimfiɗa tabarma a ƙofar mai unguwa tun ƙarfe takwas. Mai shela ya zagaya sau uku har muryarsa ta dushe. A da kafin azahar mun yi wa yara sittin. Yau bakwai.

Na shiga gidaje da kaina. Gidajen da ke goyon bayan kansila ma sun ɓoye yara a ɗaki. Wata da muka yi firamare tare ta tare ni a bakin ƙofa, jaririnta a kafaɗa, ta ce, "Ramlatu, tsakaninki da Allah, 'yar yayanki ba ke kika rubuta an yi mata ba? To ina take?"

A gidan da ke kallon nasu na ji wani yaro yana tari, numfashinsa irin na Kulu.

Na dawo da allina ko gutsurewa bai yi ba.

Juma'a, 29 ga Satumba, da safe

Ban yi niyyar komai ba. Gobe sadakar bakwai.

Asabar, 30 ga Satumba, bayan la'asar

Ina zuba kunu a kofuna, mata sun fi arba'in, sai wata daga cikin dangin Dije ta ce ita dai ko da bindiga aka zo ba mai taɓa mata 'ya'ya, ga abin da allura ta yi wa Kulu. Aka ce wallahi kuwa.

Na ji bakina yana magana. Na ce, "Ba a yi mata ba."

Ba su ji ba, sai da na sake. Na ce ba a yi wa Kulu allura ba, ko ɗaya. Ni na cike katin a ɗakina, da birona, don kada a kai Yaya gaban dagaci. Na ce ranar da aka fara kai ta asibiti likita ya so tura ta Kano, katin ne ya hana, kuma ina tsaye a wurin na ce eh.

Ludayin yana hannuna, kunu na ɗiga a ƙafata, ban ji zafi ba sai yanzu da na ga wurin ya tashi.

Wata ta ce mijinta ne ya turo ta ta wanke kansila. Sai Dije ta yi magana daga bakin ƙofar ɗaki, ita da kwana bakwai ba a ji muryarta cikin mutane ba. Ta ce, "Gaskiya ta faɗa. Ni na miƙa mata ta katanga. Na Salahuddeen ma haka yake."

Kafin in sa takalmi magana ta kai zaure. Na wuce ta gaban Yaya na ce na tafi. Ya ci gaba da jan carbi.

Litinin, 2 ga Oktoba, da hantsi

Na je na faɗa wa Hajiya Salma kafin ta ji a waje, ashe ta riga ta ji. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Gida nawa?" Na ce ɗaya. Ta ce, "Ramlatu, gida nawa?" Na ce wallahi ɗaya, Hajiya. Ta ce yanzu duk katin da na taɓa sa wa hannu sai an bi shi gida-gida.

Na ajiye jaka da hijabin aiki da ragowar alli a kan teburinta. Na tsaya a ƙofar likita, na kasa shiga.

Talata, 3 ga Oktoba, bayan magariba

Ɓangaren su Yaya sun ce an saye ni. Ɓangaren maigidan sun ce da ma 'yar adawa ce aka saka a cikin aiki. Karon farko tun zaɓe da suka haɗu a kan abu ɗaya.

Maigidan yana cin abinci, yana fita, yana dawowa. Jiya ya ce, "Na ce zan dafa Alƙur'ani, Ramlatu." Iyakar abin da ya ce kenan.

Alhamis, 5 ga Oktoba, da yamma

Wata da muke aiki tare ta bugo. Yau a Tarai sun yi wa yara ashirin da shida. Wadda muka yi firamare tare ta kawo nata, ta ce a nuna mata kwalbar, a kuma yi a gabanta. Yaron nan mai tari an tafi da shi Kano tun Lahadi.

Na ce to.

Asabar, 7 ga Oktoba

Wanki. Shara. Na bayar da atamfar.

Talata, 10 ga Oktoba, bayan azahar

Da sassafe yaro ya shigo ya ce ana sallama. Na leƙa, Yaya ne a kan babur, bai kashe ba, bai kuma matso ƙofar ba. Salahuddeen a gabansa, an ɗaure shi da zanin Dije. Ya ce, "Sako hijabinki."

Na ɗauka asibitin nan za mu. Sai ya miƙe hanyar Rano. Na gane. A Rano ba wanda zai ce ya ga Badamasi a layin allura.

Muka bi layi cikin mata, shi kaɗai namiji, ya ja hula har gira. Nas ta ce ina katinsa? Ya ce a ba shi sabo. Ta ce, "Shekara ɗaya da rabi, ba a taɓa yi masa ba?" Na buɗe baki, ya riga ni. Ya ce, "Ba a taɓa ba."

Shi ya riƙe cinyar. Na ga allurar ta shiga, na ga ta fito. Yaron ya tsala ihu, Yaya yana cewa yi haƙuri, yi haƙuri, ban san da wa yake ba. Sai da aka gama sannan nas ta ɗauki biro. Ta ce a dawo bayan mako huɗu. Ya ce a rubuta masa ranar a baya da manyan baƙi.

A gindin darbejiya inda ya ajiye babur ya tsaya yana laluben aljihu. Ya zaro katin Kulu, ya yi laushi don ninkewa. Ya miƙo min ba tare da ya dube ni ba.

Ya ce, "Goge."

Na ce, "Yaya, biro ne."

Ya karɓe, ya lashi babban yatsa ya murza layin farko. Ya sake lasa ya sake murzawa. Ya daɗe yana yi, yaron na shessheƙa a kafaɗata. Sannan ya ce, "Ummi," a hankali, ya sa min katin a hannu ya tayar da babur.

Muka koma Kibiya.

Talata, bayan la'asar

Na gwada da ruwa, na gwada da reza. Takardar ce ke cinyewa.

Layi uku, kwanan wata uku. Rubutuna mai kyau ne, kowa yana faɗa.